Ɗura harsashin ƙaramar bindiga a gida: sha'awa ce da za ta yiwu a Tawa?

Abdul-Azizu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya, kuma na kawo ta nan ne domin na san a cikinmu akwai tsofaffin masu ɗamara, da ma'aikatan lafiya, da malaman kimiyya, da waɗanda suke zaune a ƙasashen waje. A YouTube ana yawan nuna mutanen Amurka suna tattara kwanson harsashin da suka harba a filin harbi, su wanke shi, su gyara shi, su sake ɗura shi da hannunsu har ya koma harsashi. Yawancinsu ba sojoji ba ne, ba kuma mafarauta ba. Makanikai ne, da malaman makaranta, da dattawan da suka ajiye aiki. Ni aikina awon filaye ne, don haka duk sana'ar da ake auna abu a cikinta har zuwa ƙasa da milimita tana jan hankalina, kuma natsuwar da na gani a wannan aiki ta burge ni ƙwarai. Tambayata ita ce, mene ne hakikanin abin da suke yi, me mai farawa yake buƙata, kuma ko mutumin da yake zaune a Tawa zai iya ɗaukar wannan a matsayin sha'awa ba tare da ya taka doka ba?

Lawali: Wa alaikumus salam. Abdul-Azizu, a halin da jiharmu take ciki, ni ina ganin ko tambayar ma tana da nauyi. Ina roƙon duk wanda zai amsa ya tsaya a kan bayani da doka, kada kowa ya rubuta awo ko hanyar haɗa wani abu a nan.

Sani: Na yarda da sharaɗin Lawali, kuma a kansa zan tsaya. Ina zaune a Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, kuma cikin abokan aikina akwai masu wannan sha'awa, don haka na ga ɗakunansu da idona. Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, wanda yawanci na tagulla ne, ƴar hular da take gindinsa, wadda allurar bindiga take bugawa ta ba da wuta, garin albarushi, sai kan harsashin da yake fita daga bakin bindiga, wanda yawanci dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. Idan an yi harbi, ukun ƙarshe sun tafi, kwanso ne kaɗai yake saura, kuma galibi shi ne mafi tsada a cikinsu. Daga nan sha'awar ta samo asali: a mayar da kwanson girmansa na farko da injin matsi, a sa masa sababbin abubuwa ukun da aka saya a shago.

Ƙanena, ka lura da kalmar saya. Babu mai hankalin da yake haɗa garin albarushi ko hula a gidansa. Kamfanoni ne suke yin su, kamar yadda kamfanoni irin su RCBS da Lee da Hornady da Dillon suke ƙera injunan matsi da sikeli. Abin da mai farawa yake fara saye kuma ba inji ba ne, littafin awo ne, wanda kamfani ya wallafa bayan ya gwada kowane awo a ɗakin bincike da na'urar auna ƙarfin matsi. Su kansu kamfanonin suna bin iyakokin da wata hukuma mai suna SAAMI take shatawa tun 1926, a Turai kuma akwai takwararta CIP, wadda aka kafa a 1914. Harsashin milimita 9 da Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, wanda shi ne ya fi yawa a ƙananan bindigogi, CIP ta sa masa iyakar matsi na bar 2,350, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Tayar mota ba ta cika wuce bar biyu zuwa uku ba, kuma wannan matsin duka yana tashi ne a tafin hannun mai harbi.

Maganar doka a can kuwa, gwamnatin tarayya ba ta neman lasisi daga wanda yake ɗura wa kansa, muddin yana cikin waɗanda doka ta yarda su riƙe harsashi, amma ranar da ya fara sayarwa dole ya mallaki lasisin masu ƙera harsashi. Masu yi suna cewa don rage kuɗi suka fara, sai dai yawancin waɗanda na sani harbin suka ƙara yawaitawa, kuma abin da ya riƙe su shi ne neman harsashin da ya fi dacewa da bindigarsu a wajen gasa.

Alhaji Mahamadu: Sani, Allah ya yi maka albarka, ka yi bayani mai tsabta. Ɗana Abdul-Azizu, ni na yi aikin jandarma har na ajiye, kuma amsar ɓangaren tambayarka na ƙarshe gajeruwa ce: ba zai yiwu ba. A dokar ƙasarmu, shigo da bindiga, da sayar da ita, da ɗaukarta, da ajiye ta, duk haramun ne sai ga wanda hukuma ta ba izini, kuma haramcin bai tsaya a kan bindiga kaɗai ba, ya haɗa da harsashi da garin albarushi kowane iri. Izinin yana fitowa ne daga ma'aikatar cikin gida bayan an bincika halin mutum, kuma wanda aka kama ba shi da shi, gidan kaso ne makomarsa. Abubuwa ukun da Sani ya ce ana saye a shago, a nan babu shagon da zai sayar maka da su, idan kuwa ka yi odarsu daga waje, a hannun duwan za su tsaya, kai kuma a kira ka ka yi bayani.

Ina so matasanmu su san cewa wannan tsanani yana da tarihi. Bayan tawayen arewa na farkon shekarun 1990, makamai sun bazu a hannun jama'a, shi ya sa aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, sannan ranar 25 ga Satumban 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Mu da muka ga wahalar raba mutane da makamai mun san cewa kowace bindiga da aka karɓo sai da aka yi zama da lallashi da alkawari. Yau kuma ga shi tun 2017 Tasara da Tiliya suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma babu ɗan Adar da ya manta da mutum 137 da aka kashe a yankin Tiliya a watan Maris na 2021. A irin wannan ƙasa, jami'in da ya shiga ɗaki ya tarar da injin matsi da tulin kwanso ba zai karanta zuciyar mai ɗakin ba.

Abdul-Azizu: Na gode, Baba Alhaji, kuma Allah ya sani ba ni da niyyar taɓa abin da doka ta hana. Amma ina neman ƙarin haske a kan abu ɗaya. Akwai ƴan kasuwa da wasu manya da suke da takardar izinin riƙe ƙaramar bindiga. Idan hukuma ta riga ta amince da mutum har ta bar shi da bindiga, me zai hana ta amince masa ya ɗura harsashinta, tunda kwanson nasa ne, kuma ba sayarwa zai yi ba?

Alhaji Mahamadu: Tambaya ce mai kyau, ɗana. Izinin riƙe bindiga izini ne na abu ɗaya sananne, mai lamba a jikinsa, wanda aka rubuta a rajista tare da sunan mai shi, kuma harsashin da zai saya ma da izini ne, da adadi. Ƙera harsashi wani babi ne dabam, domin wanda ya iya ɗurawa ya fita daga ƙidaya, ba wanda zai iya cewa ga yawan abin da yake hannunsa. Akwai kuma abin da jama'a ba su cika sani ba game da aikin bincike. A gindin kusan kowane kwanso akwai tambarin masana'antar da ta yi shi, a na soja kuma sau da yawa har da shekara. Idan an yi ta'asa a wani ƙauye, kwanson da aka tsinta a ƙasa shi ne shaidar farko, da shi ake gane ko harsashin daga rumbun wata ƙasa ya ɓace, ko ta wace hanya ya shigo Sahel. Kwanson da aka sake ɗurawa yana ɗauke da tambarin da ba ya faɗin gaskiyar wanda ya ɗura shi. Bindiga tana iya shekara arba'in tana aiki, amma ba ta da amfani sai da harsashi, don haka wanda ya riƙe ƙofar harsashi shi ya riƙe ƙofar fitina. Saboda haka ne ma nake gargaɗin yaranmu da suke tsintar kwanso a daji su kawo gida don wasa ko don ado, su daina, domin samunsa a aljihu kaɗai ya isa ya jawo tambayoyin da iyaye ba za su ji daɗinsu ba.

Ibro: Ranka ya daɗe Alhaji, ina girmama maganarka, amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma yana ci mini rai. Ana magana kamar ɗura bindiga baƙon abu ne da ya zo daga Amurka. Kakana maharbi ne a ƙasar Keita, kuma shi da abokansa ba su taɓa sayen harsashi a kwali ba. Bindigar toka ce, ta baki ake ɗura ta, maharbi ya san awonsa, ya san ranar da garinsa ya sha raɓa, ya san bindigar da ta gaji. Har gobe ƴan bindigar sarakuna a Damagaram da Katsina da Kano suna ɗura bindigoginsu suna bugawa a hawan salla, jama'a suna murna. Wannan ilimi ne na gado, yana da sarautarsa, yana da ladubbansa, kuma maharbin kirki ba ya nuna bakin bindiga ga mutum ko da babu komai a cikinta. Me ya sa idan Bature ya yi a ɗakinsa ake kiransa sha'awa mai tsabta, idan namu ya yi sai a dube shi da idon zargi? Ni ina ganin Abdul-Azizu yana neman abin da yake cikin jininmu ne, ya dai hango shi a wata ƙasa.

Sani: Ibro, ba na raina ilimin kakanka, kuma ladabin da ka ambata shi ne dokar farko da ake koya wa kowa a filin harbi a nan. Amma a wajen garin albarushi dole in saɓa maka, domin a nan ne rai yake salwanta. Baƙin albarushin bindigar toka da garin harsashin zamani ba abu ɗaya ba ne. Na zamani, wanda ba ya hayaƙi, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin gari, matsinsa kuma yana hawa da sauri ƙwarai idan aka ƙara ko da kaɗan ne. Maharbi yana auna nasa da ido ko da ɗan ƙoƙo, kuma baƙin gari yana ɗaukar ɗan kuskure. Garin da yake cikin harsashin milimita 9 kuwa bai kai rabin giram ba gaba ɗayansa, ana auna shi da giren, wanda dubu bakwai ne suke yin laba ɗaya, kuma sikelin yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, wato abin da bai kai miligiram bakwai ba.

Kurakurai biyu ne masu wannan aiki suka fi tsoro. Na farko, hankalin mutum ya ɗauke na ɗan lokaci ya zuba gari sau biyu a kwanso ɗaya. A wasu nau'o'in harsashi kwanson yana da sarari har ya ɗauke ba tare da ya zube ba, ranar da aka harba shi bindigar ta tarwatse a hannu. Na biyu, ya manta bai zuba ba sam, hula kaɗai ta tura kan harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, mai harbi bai lura ba ya sake danna kunama a kansa. Waɗannan suna faruwa ga mutanen da suke da littafi, da sikeli mai kyau, da malamin da ya koya musu. Abin da ya fi ba ni tsoro game da gida shi ne wani ya farke harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka da maƙeri ya yi da bututun ƙarfe, yana zaton gari gari ne. Wannan bindiga ba za ta ɗauka ba.

Hajiya Habsatu: Ina bin muhawarar nan tun farko, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya zan ƙara abin da ba a gani a bidiyo. Maganar Sani ta ƙarshe gaskiya ce, mun karɓi masu raunin bindigar da ta fashe, kuma yawanci yatsun hannun hagu da ido ne suke tafiya, ga magidanci da noma ne abincinsa. Amma abin da ya fi damuna shi ne dalma, domin ita ba ta fashewa, ba ta ƙara, a hankali take aikinta. Kan harsashi dalma ne, kuma sinadarin da yake cikin yawancin huluna ma yana da dalma, don haka baƙin da yake cikin kwanson da aka harba ƙurar dalma ce. Wanda yake wanke kwanso yana goge shi, wannan ƙura tana hawa hannunsa da tufafinsa da ƙasan ɗakin.

Ku dubi yadda gidajenmu suke. Tsakar gida ɗaya ce, yara suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki, a nan ake daka, a nan ake shanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara sun fi manya shanye ta, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu taɓawar da ba ta gyaruwa, mai ciki kuma tana miƙa ta ga abin da yake cikinta. Ba mu buƙatar misali daga nesa. A 2010, a ƙauyukan Zamfara, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, iyayen kuma ba su san abin da yake kashe musu ƴaƴa ba sai da likitoci suka gwada jini. Ƙanena Abdul-Azizu, kana da ƙananan yara, ko da doka ta buɗe maka ƙofa ni zan roƙe ka kada ka shigar da wannan ƙura gidanka.

Ibro: Hajiya, maganar yara ta shige ni, kuma maharba da yawa suna narka dalma a murhun gida ba tare da sun san haka ba. Wannan saƙo ne da ya kamata ya kai gare su. Bambancin gari da Sani ya bayyana ma na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana a kan abu ɗaya. Idan maharba da maƙera suna cikin haɗari saboda rashin sani, maganin shi ne a jawo su kusa a koya musu, domin wanda yake tsoron hukuma ba zai zo ya yi tambaya ba, kuma ba zai kawo ɗansa asibiti da wuri ba idan bindiga ta ji masa rauni. Yau ga mu muna tattaunawa da ilimi saboda muna da waya da karatu, maharbin Keita kuwa wa zai gaya masa?

Alhaji Mahamadu: A wannan ban saɓa maka ba, Ibro. Farauta tana da dokarta, ta 29 ga Afrilun 1998, wadda ta tsara izinin farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji ne suke kula da ita. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ma ta nemi kowace ƙasa ta ƙidaya maƙeran bindiga na gida ta yi musu rajista, wato an gane cewa sanin su ya fi korar su cikin duhu. Mun fita daga ƙungiyar waɗannan ƙasashe, CEDEAO, a Janairun 2025, amma hikimar wannan shawara ba ta tafi da ita ba, kuma dokokinmu na cikin gida suna nan daram. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki mutuncin maharbin gado a rufe wani abu dabam da shi. Maharbi sananne ne a garinsu, Sarkin Baka ya san shi, mai gari ya san shi, bindigarsa harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗurawa. Ƙaramar bindiga kuwa ana ɓoye ta a cikin riga, tana ɗaukar harsashi fiye da goma, kuma ba a farautar zomo da ita.

Malam Yahuza: Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a sakandare, kuma ina so in ƙara maganar ajiya, domin ita ce ta fi shafar yanayin Tawa. Garin da ba ya hayaƙi yana lalacewa da kansa sannu a hankali, shi ya sa masana'anta take sa masa sinadarin da yake rage saurin lalacewar, kuma zafi yana cinye wannan sinadari. Ƙa'idar da muke koya wa ɗalibai ita ce, a yawancin irin waɗannan sauye-sauye, ƙarin zafi na digiri goma yana kusan ninka saurinsu. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Idan hunturu ya zo, iska ta bushe har mutum yana jin tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, kuma hular harsashi aba ce da aka yi ta domin ta kama da ƙaramin bugu. Masu wannan sha'awa a ƙasashen sanyi suna ajiye kayansu a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da wuta, mu kuwa gawayi da gas da fetur ɗin babur duk a tsakar gida suke.

Ko gwamnatoci da suke da ƙwararru ajiyar nan tana gagararsu. Rumbun makaman Ikeja a Legas ya tashi ranar 27 ga Janairun 2002, mutum fiye da dubu suka mutu, akasarinsu a cikin magudanar ruwa suna gudun wuta. Na Mpila a Barazabil ya tashi a Maris na 2012, na birnin Bata a ƙasar Equatorial Guinea a 2021, na Njamena kuma a Yunin 2024. Na san gwangwanin gari ɗaya ba rumbu ba ne, amma ya isa ya cinye ɗaki da wanda yake barci a ciki. Kuma kada a ɗauka duk Turawa sun saki abin kamar Amurka. A Jamus, wanda yake son ɗura harsashi sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. Birtaniya kuwa ta hana farar hula mallakar yawancin ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan ƴan makaranta a garin Dunblane na Scotland.

Sani: Malam ya cika mini abin da na rage. Abin da kake gani a bidiyo, Abdul-Azizu, mutum ne zaune shi kaɗai a gaban tebur, amma a bayansa akwai ɗakin binciken da ya gwada awon, da shagon da doka ta san da shi, da filin harbi mai jami'in kula, da tsofaffin hannu da suke duba aikin sabon shiga, da asibitin da zai gwada masa dalma a jini idan ya nema. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage ba shi ne sha'awar da ta burge ka ba. Amma tunda ka ce awo da natsuwa ne suka ja ka, ka duba harbin ƙaramar bindigar iska na mita 10, wanda yake cikin wasannin Olamfik. Babu albarushi a cikinsa, iska ce take tura ɗan ƙwaya mai faɗin milimita 4.5, mai harbi yana tsaye da hannu ɗaya, zai yi harbi 60 cikin minti 75, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kawai. Waɗanda suka ƙware a wannan suna lura da numfashinsu da bugun zuciyarsu. Nijar tana da lambar Olamfik biyu, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a taikwando a 2016, kuma ban ga dalilin da zai hana ɗan Adar ya yi mafarkin ta uku a fagen saiti ba.

Alhaji Mahamadu: Shawara ce mai kyau, amma a yi hattara. Bindigar iska ma ba ta fita daga hannun doka ba a ƙasarmu, ita ma sai da izini, kuma wadda ta yi kama da ta gaskiya tana iya jawo wa mai ita harbi daga jami'in da ya hango shi daga nesa. Idan matasa suna son wannan wasa, hanyarsa ita ce su kafa ƙungiya mai rajista, su kai takarda ga hukumar wasanni ta jiha da gwamna, a samu wuri killatacce da ma'ajiya mai makulli, kayan kuma su kwana a can, kada su kwana a gidan kowa. Kada wanda ya sayi komai kafin takarda ta fito.

Hajiya Habsatu: Kuma ƙwayoyin bindigar iskar ma yawanci dalma ce, don haka wanke hannu da sabulu bayan atisaye wajibi ne, kuma kada a ci abinci a wurin.

Ibro: To, idan saiti ake nema, ni zan kawo abin da yake namu tun kafin bindiga ta zo, wato baka da kibiya. Shi ma yana cikin Olamfik, a nisan mita 70 ake harbi, kuma mai son aikin hannu zai samu abin da zai auna har ya gaji, domin kibiya ba ta tafiya daidai sai nauyinta da tsawonta da ƙarfin sandarta sun dace da bakan. Addininmu ma ya kwaɗaitar da koyon harbin kibiya, ya kuma yi umarni ga wanda zai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani. A ƙauyenmu akwai dattijon da har yanzu yake ɗaure baka yana gyara kibau, ƴaƴansa duk sun tafi cin-rani babu wanda ya koya.

Abdul-Azizu: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Maganar ɗura harsashi na ajiye ta, kuma bayanin Hajiya a kan dalma zan tura wa wani abokina da yake narka tsofaffin batura a bayan gidansu. Baba Alhaji, idan ka amince, zan zo gida ranar Asabar bayan la'asar ka nuna mini yadda ake tsara takardar neman kafa ƙungiya, domin ina da abokai uku da za su so shiga. Yaya Ibro, ina son ganin dattijon nan kafin damina ta ɓata hanya. Yana karɓar mai koyo daga waje, kuma me ya dace in riƙe masa idan zan je?

Ibro: Zai karɓe ka da murna. Ka riƙe masa goro da sukari da shayi, kuma ka zo da ma'auninka na aiki, domin shi da taƙi da yatsa yake auna komai, zai yi kyau a rubuta awon nasa a takarda. Zan kira ƙanena ya sanar da shi, sai mu tsayar da rana bayan kasuwar mako mai zuwa.

Alhaji Mahamadu: Ina gida ranar Asabar, ɗana. Ku zo ku huɗun, kowa da katinsa na ɗan ƙasa.